Ko ƙaramar hukuma a Legas za ta iya sayen fadama ta hana gini a cikinta?

Wani ɗan'uwa mai sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12 ya aiko da tambaya. Ya ce a bayan unguwar da yake haya akwai wata fadama da ruwa ke kwanciya a cikinta duk damina, yara suna kamun tarwaɗa a ciki, wasu 'yan Arewa suna noman alayyafo da latas a gefenta, kuma akan ga guza da tsuntsayen ruwa jifa-jifa. Kwanan nan tifofi sun fara sauke yashi da ɓaraguzan gini a bakinta. Yana so ya sani ko ƙaramar hukumarsu tana da ikon sayen wurin ta bar shi yadda Allah ya yi shi, kuma ko yin hakan ba asarar dukiya ba ce a garin da wasu ke kwana a ƙarƙashin gada.

Malam, na daɗe ina aikin tsara birane da ƙiyasta darajar filaye a wannan jiha, kuma tambayarka ta faɗa kan abin da ya fi damuna a aikin. Ƙaramar hukuma tana iya sa hannu a wannan al'amari, har ta biya kuɗi, amma a Legas ba ta iya kai shi ƙarshe ita kaɗai, kuma biyan kuɗin shi ne mafi sauƙin abin da ake bukata.

Tun ranar 29 ga Maris 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha ta koma hannun gwamna a matsayin amana domin jama'a. Abin da kai da ni muke saya idan mun sayi fuloti shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda takardar shaidar mallaka, wato wadda kowa a nan yake kira C of O, take tabbatarwa. Dokar ta kasa ƙasa gida biyu. Wadda gwamna ya ayyana a matsayin birni tana ƙarƙashin ikonsa kai tsaye, sauran kuma tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma damar ba da haƙƙin zama na gargajiya a ƙasar karkara, har hekta 500 domin noma ko hekta 5,000 domin kiwo ba tare da ta nemi yardar gwamna ba, kuma ya ba ta damar shiga ƙasa ta yi amfani da ita domin maslahar jama'a. Sai dai wannan dama ba ta aiki a wurin da aka ayyana birni, ko wurin da gwamna ya riga ya ba wani takarda, ko wurin da gwamnatin jiha ko ta tarayya ta riga ta karɓe. Mafi yawan ƙasar Legas ta faɗa cikin ɗaya daga waɗannan ukun, kuma unguwannin da ke kewaye da Mile 12 da Ketu babu shakka cikin birni suke. Don haka ciyaman ɗinku ba shi da ikon soke takardar kowa a kan wannan fadama. Wannan iko na gwamna ne, a ƙarƙashin sashe na 28.

Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma shi ne ta shiga ciniki kamar kowa, ta sayi haƙƙin daga masu shi da yardarsu, ta nemi amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 ya tanada, sannan a yi rajistar takardar a ofishin filaye da ke Alausa, mazaunin gwamnatin jiha. Kundin tsarin mulki na 1999 bai hana ta ba. A jadawali na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, an ambaci samar da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen da aka bari a buɗe tare da kula da su, a layi ɗaya da tituna da magudanun ruwa. Yawancin kansilolin da na zauna da su sun san da kasuwa da tasha da mayanka a wannan jadawali, domin su ne ke kawo kuɗin shiga, amma da wuya ka sami wanda ya lura da maganar fili.

Kafin a yi maganar saye ma, akwai abin da ya kamata a fara dubawa, domin na sha ganin jama'a suna tara kuɗi don sayen abin da tun asali nasu ne. Tun shekarun baya gwamnatin jiha ta karɓe manyan yankuna na ƙasa gaba ɗaya, daga baya take yanka wa ƙauyukan asali wani ɓangare ta mayar musu ta buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Fadamu da bakin rafuka da dama suna cikin ƙasar da aka karɓe ba a mayar ba, wasu kuma suna kan hanyar ruwa da aka hana gini a kai. Idan haka ne, wanda yake sayar da fulotai a wurin yana sayar da abin da ba nasa ba, kuma maganin sa ba ya bukatar ko kwabo na diyyar ƙasa, sai dai hukuma ta tsaya a kan haƙƙinta. Hanyar sani ita ce a ɗauki safiyo mai lasisi ya auna wurin, a kai awon ofishin babban safiyo na jiha a duba matsayinsa a taswira. Akwai kuma dokar kare kadarori ta 2016 da jihar ta kafa saboda masu ƙwacen fili da ƙarfi, waɗanda a nan ake yi wa laƙabi da omo onile, kodayake asalin kalmar tana nufin 'ya'yan masu ƙasa ne, kuma ba kowane gidan masu ƙasa ne yake wannan ɗabi'a ba.

Yanzu ga rabi na biyu na tambayarka, wanda ya fi nauyi. Ko barin fili ba gini asara ce?

Legas ita ce jiha mafi ƙanƙanta a Najeriya, faɗinta wajen murabba'in kilomita 3,577, kuma fiye da kashi ɗaya cikin biyar na wannan ruwa ne. Sauran shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce da ba ta ɗara teku da wani tsawo ba. A irin wannan wuri ruwan sama ba ya gudu, kwanciya yake yi ya jira babban tafkin Legas ya karɓe shi, kuma idan teku ta cika ko aka saki ruwa daga madatsar Oyan ya biyo kogin Ogun, jiran yakan yi tsawo. Mutanen Agiliti da Owode da Isheri da Ajegunle ta hanyar Ikorodu sun san wannan ba sai an faɗa musu ba. Fadama ita ce wurin da ruwan ke jira. Yi lissafin da kanka: hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, idan ruwa ya kwanta a kanta zurfin rabin mita, ka sami lita miliyan 5, wato abin da zai cika tankar mai ta lita 33,000 sau 150 da ɗoriya. Ranar da aka cike wannan hekta da yashi, ruwan ba ya fasa sauka. Zai nemi wuri mafi ƙasa na kusa, kuma wurin nan shi ne ɗakin mai haya a gidan da aka gina shekara talatin da suka wuce, kafin a ɗaga titi. Wanda ya ga ambaliyar da aka yi a garin nan ranar 10 ga Yuli 2011, ko ranar 3 ga Yuli 2024, ya ga inda ruwa ke zuwa idan an toshe masa makwanci.

Na taɓa zuwa aikin ƙiyasin ɓarna a wata unguwa da aka cike fadamarta shekara biyu kafin nan. Wani dattijo mai shagon hatsi ya nuna mini bangon shagonsa. Akwai tabon ruwa guda biyu a jiki, na da a daidai idon sawu, na bana kuma ya kai gwiwa. Buhunan wake goma sha ɗaya da ke jerin ƙasa sun kumbura har ɗinkin ya ɓalle, wasu sun fara tsiro. Gidajen da aka gina a kan fadamar suna tsaye a kan tudun yashi, ruwa bai taɓa ƙofarsu ba. Ribar cike fadamar ta shiga aljihun mutum biyu ko uku, asarar kuma aka raba wa unguwa, kuma wannan rashin daidaito shi ne hujjar da ta sa hukuma take da haƙƙin shiga da kuɗin jama'a.

Gaskiya ne mutane suna bukatar gidaje, kuma ban raina wannan ba. Amma gidan da ake ginawa a kan fadama ba ya zuwa hannun mai kwana a ƙarƙashin gada, domin kuɗin yashi da turakun tushe kaɗai sun fitar da shi daga lissafi. Ƙarancin gidaje ana magance shi da ƙara benaye a busasshiyar ƙasa kusa da layin dogo da manyan tituna.

Game da namun daji kuwa, mutane da yawa suna mamaki idan aka ce har yanzu akwai su a Legas. Akwai ayu a ruwayen Epe da Badagry, akwai kada da guza da birai a sauran kurmin da ya rage, kunkurun teku na fitowa yin ƙwai a gaɓa, kuma itatuwan da ke tsirowa a tabon ruwan gishiri, masu saiwoyi kamar ƙafafu, su ne gidan renon kifi da jatanlande da masunta ke kamawa a tafki. Misalin da kowa zai iya zuwa ya gani shi ne Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya assasa a 1980, ita ce ta kafa ta a 1990 a kan hekta 78 da tallafin kamfanin Chevron. A lokacin yankin daji ne da fadama. Yau gidaje sun kewaye ta ta ko'ina, kuma idan ka hau gadar ƙafa da ke ratsa saman itatuwanta mai tsawon mita 401 za ka hango inda kore ya ƙare rufin gidaje ya fara kamar an ja layi da wuƙa. Hekta ɗaya tana ɗaukar fuloti wajen 15 na awon Legas, don haka wurin ya haura fuloti 1,100. Babu ƙaramar hukumar da za ta iya sayen fuloti 1,100 a Lekki a farashin yau. An samu wurin ne saboda an riga kasuwa isa.

Daga nan nake ɗaukar ra'ayina game da inda ya kamata kuɗi ya tafi. A tsakiyar gari, irin su Agege da Mushin da Kosofe, abin da ya rage ƙanana ne, kuma kare su ya fi dogara ga tilasta dokar hanyar ruwa fiye da saye. Inda saye yake da ma'ana sosai shi ne Epe da Badagry da bayan Ikorodu, inda har yanzu ake ciniki da eka. Ko can ma lokaci yana ƙurewa, domin tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar Dangote a 2023 farashin ƙasa a wannan shiyya bai tsaya ba. Kuma a zaɓi wuri da hankali. Dogon zirin ƙasa da ke bin rafi har ya haɗu da tafki ya fi amfani ga ruwa da dabba fiye da murabba'in fili mai faɗi ɗaya da aka kewaye da katanga, domin dabba tana bukatar hanya kamar yadda shanu ke bukatar burtali.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowane tsohon gari a Arewa yana da hurumi da makiyaya da mashaya da burtali, wuraren da ba a yarda kowa ya kafa shinge ba. A Musulunci ma an san ƙasar da shugaba ke keɓewa domin amfanin jama'a. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, Sayyidina Usman kuma ya sayi rijiyar Ruma da dukiyarsa ya bar wa jama'a. Mun kuma ga yadda burtali da makiyaya suka ɓace a wurare da yawa duk da dokar makiyaya ta 1965 ta tsohuwar Jihar Arewa, saboda da yawansu ba a auna su ba, ba a kafa musu turaku ba, ba a buga su a gazet ba.

A ƙasashen da ƙananan hukumomi suka yi nasara a wannan aiki, sirrin shi ne kuɗin da aka ware ba a taɓa shi don wani abu. A 1967 mutanen garin Bolda da ke jihar Kolorado ta Amurka suka kaɗa ƙuri'a suka ƙara wa kansu ɗan harajin ciniki domin sayen filayen da ke kewaye da garinsu, kuma a hankali suka tara fiye da eka 45,000. Birnin Niyok, tun yarjejeniyar 1997, yana sayen ƙasa a tsaunukan da ruwan shansa ke fitowa, daga hannun wanda ya yarda ya sayar kawai, saboda hakan ya fi masa araha a kan gina matatar ruwa. A Ingila, dokar 1878 ce ta damƙa dajin Epping a hannun hukumar birnin Landan da sharaɗin kada a gina shi, kuma yana nan har gobe. Ƙananan hukumominmu ba su da ikon ƙirƙiro haraji irin na Bolda. Abin da suke da shi shi ne kasonsu daga asusun tarayya, wanda Kotun Ƙoli ta ce ranar 11 ga Yuli 2024 a riƙa biyan su kai tsaye, da kasonsu na harajin filaye da gine-gine da jiha ke karɓa. A Legas akwai ƙarin sarƙaƙiya, domin ƙananan hukumomi 20 ne tsarin mulki ya sani, sauran 37 da aka ƙirƙiro a 2003 daga kason waɗancan suke ci. Saboda haka tsarin da na ga zai yi aiki shi ne na haɗin gwiwa, inda ƙaramar hukuma za ta nuna wurin ta ware wani abu a kasafinta, jiha ta ba da takarda ta sa wurin a taswirar tsarin gari, hukumar lambuna ta jiha da aka kafa a 2011 ko wata gidauniya ta ɗauki nauyin kulawa, masu hali kuma su taimaka, ko da ta hanyar waƙafi.

Dole in tsaya a kan batun diyya, domin a nan ake zaluntar mutane da sunan gyara. Idan gwamna ya soke haƙƙin zama, sashe na 29 ya ce a biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka, amma ƙasar kanta kusan ba ta da diyya, sai kuɗin hayar ƙasa na wannan shekara. Ka duba abin da wannan ke haifarwa. Gidan da ya gaji fadama ya bar ta da ciyawarta zai tashi kusan hannu rabbana, wanda ya yi sauri ya zuba yashi ya kafa tubali shi ne zai sami abin karɓa. Dokar da kanta tana tura mai ƙasa ya kira tifa. Shi ya sa nake fifita ciniki na yarda a kan farashin da ya dace, ko a ba masu ƙasa musanya a wani wuri busasshe. Masu ƙasar Legas sun san haƙƙinsu tun da daɗewa. A 1921 Cif Amodu Tijani, Oluwa na Legas, ya kai ƙarar gwamnatin mulkin mallaka har Landan kan ƙasar Apapa, kuma ya yi nasarar cewa a biya jama'arsa cikakkiyar diyya a matsayinsu na masu ƙasa. Jikokin waɗannan gidaje ba za su bar fadama don an roƙe su da baki kawai ba.

Sannan akwai waɗanda ba su da takarda ko kaɗan, wato masunta da masu lambu irin 'yan'uwanmu da ka ambata. Garin nan bai manta da Maroko ba, inda a watan Yuli 1990 aka tashi mutane kimanin 300,000, an ambaci ambaliya da rashin tsafta cikin dalilai, daga baya wurin ya zama unguwar masu kuɗi. Duk wanda ya zo wa talaka da maganar kare muhalli a Legas, wannan tarihi yana gabansa. Idan za a kare fadamarku, a rubuta tun farko cewa mai kamun kifi da mai noman rani za su ci gaba da aikinsu bisa ƙa'ida, ba sare itace, ba zuba guba a ruwa, ba kafa gini. Su ne ke wurin da asuba da tsakar dare, kuma su ne za su fara jin ƙarar tifa kafin kowane ma'aikaci.

Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne abin da ke faruwa bayan an saya. Na san wani fili da wata ƙaramar hukuma ta riƙe a matsayin filin wasan yara. Babu takarda a kansa sai ƙudurin majalisar kansiloli a cikin fayil. Aka canza shugabanci, aka ce za a gina shaguna kaɗan a gefe domin a sami kuɗin kula da filin. Bayan shekara huɗu na koma na tarar da layin shaguna uku da wurin ajiye motoci, sandar raga guda ɗaya ce ta rage a jingine da bango. Ƙudurin da majalisa ɗaya ta yi, wata majalisa tana iya warware shi cikin zama ɗaya. Don haka a sa manufar filin a cikin takardar mallakarsa, a buga shi a gazet, a shigar da shi taswirar tsarin gari ta jiha, a kafa turakun siminti masu lamba a iyakarsa, a kuma sa wata ƙungiya ta daban cikin masu riƙon amanar ta yadda ba za a sauya amfaninsa ba sai da sa hannunta.

A naku ɓangaren, kada ku jira a gama cikewa, domin fadamar da aka binne da ɓaraguzai ba ta dawowa da sauƙi. Ku ɗauki hotunan wurin da kwanan wata, da na tifofin, da na tabon ruwa a bangayen gidaje. Ku shigar da maganar ta ƙungiyar ci gaban unguwa, wato CDA, domin ita hukuma ta sani, kuma ku tafi tare da Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da Sarkin Hausawa da limamai da fastoci, kada abin ya zama kamar rigimar baƙi da 'yan ƙasa. Ku rubuta wa ciyaman da kansilan mazaɓarku, ku aika kwafi ga ma'aikatar muhalli da albarkatun ruwa da ma'aikatar tsara birane a Alausa, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. A cikin takardar ku nemi abu biyu kawai a matakin farko, a dakatar da zuba yashi har sai mai zubawa ya nuna izininsa, kuma a bayyana matsayin ƙasar a taswirar gwamnati. Amsar da za ta fito daga ofishin safiyo ita ce za ta nuna muku ko maganar saye ce a gabanku, ko kuwa ta korar mai sayar da abin da ba nasa ba.